Injin get a gona da bayan gari: amsoshin tambayoyi kan iska, ƙura da gyara

Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda masu gonaki, masu gidan kaji da masu gida a bayan gari suka fi yi min a kan get mai buɗe kansa da rimot. Wasu a waya suke zuwa, wasu kuma a bakin get ɗin, mai gida yana tsaye da rimot a hannu yana ta dannawa. Na rubuta amsoshin yadda nake ba da su baki da baki. Zan riƙa cewa “inji” a maimakon “mota”, don kada a ɗauka motar hawa nake nufi.

Malam, get ɗina yana fara tafiya sai ya tsaya ya koma baya, kuma ya fi yin haka in ana iska. Injin ne ya mutu?

Yawanci lafiyarsa lau. Injunan zamani suna auna wutar da suke ja yayin tafiya. Da zarar wutar ta yi sama fiye da yadda aka saita, ƙwaƙwalwar injin takan ɗauka cewa get ya bugi mutum ko mota, sai ta tsayar da shi ta mayar da shi baya. Ita ba ta san bambancin yaro da iska ba. Nauyi kawai take ji.

Mutane suna raina nauyin iska don ba a ganinta. Ga lissafin. Iska mai gudun kilomita 36 a awa tana danna kowace murabba'in mita ta faranti da nauyin kusan kilo 7. In gudunta ya ninka ya kai kilomita 72, irin wadda ke zuwa gaban hadarin farkon damina, nauyin yakan ninka sau 4, ya doshi kilo 30. Ganyen get mai faɗin mita 2 da rabi da tsayin mita 2 murabba'in mita 5 ke nan, wato kilo 150. Buhun siminti 3 ne jingine a jikin ƙofa, kuma ana so ƙaramin hannun ƙarfe ya tura su.

Abin bai tsaya nan ba. A get mai ganye, wato mai buɗewa kamar ƙofar ɗaki, hannun injin yana kama ginshiƙi ne dab da hinji, ita kuwa iska tana dannawa a tsakiyar ganyen. Gwada tura ƙofar ɗakinka daga kusa da hinji wani yana riƙe da ita daga tsakiya, za ka ji abin da injin yake ji. Kilo 150 ɗin nan kan koma sau 6 ko fiye kafin ya isa jikin hannun. Shi ya sa ake ganin ƙarfen da aka walda ya tsage, ko haƙoran giya sun kakkarye bayan guguwa ɗaya.

To me zai hana a ƙara masa ƙarfi kawai ya daina komawa?

Ana iya ɗagawa kaɗan, mataki ɗaya, a gwada. Amma ba na kai shi ƙarshe ko mai gida ya matsa, kuma duk mai gyaran da ya yi maka haka ya cuce ka. Wannan saitin shi ne tsakanin get da ƙirjin ɗanka. A gona ga yaran ma'aikata, ga awaki, ga mai babur da ke kutsawa kafin get ya gama rufewa. Bayan kowane canji nakan sa katako a hanya in ga get ya taɓa shi ya koma. In sai ya murƙushe katakon yake tsayawa, an wuce gona da iri.

In get ba ya rufuwa sai da ƙarfin ƙarshe, gyaran yana jikin get ɗin ne.

Kafin in kira mai gyara daga gari in biya kuɗin mota, me zan duba da kaina?

Cire injin daga giya da makullin da aka ba ka ranar da aka haɗa shi, sannan ka tura get ɗin da hannu ɗaya daga farko har ƙarshe. Wannan gwajin kaɗai yana raba gardama. In ya tafi sumul, matsalar tana ɓangaren wuta: batir, fis, ido (na'urar da ke gane an gitta hanyar get) ko rimot. In kuwa akwai wurin da yake cijewa, ko sai ka sa kafaɗa, to injin ba shi da laifi. Nemo wurin, ka durƙusa ka duba: dutse a kan layi, yashi ya binne taya, boris ya mutu, ko gindin ganye yana jan ƙasa.

Daga nan ka buɗe murfin ka kalli fitilun da ke jikin ƙwaƙwalwar, wadda masu gyara suke kira fanel. Ɗauki hotonsu da waya, ka naɗi ƙarar da injin yake yi, ka tura wa mai gyara. Sau da yawa daga hoton zai san abin da zai taho da shi, ba sai ya yi sawu biyu ba. Kuma don Allah a san inda makullin giyar yake. Na sha zuwa gona in tarar mota cike da kwai tana jira a ciki, makulli yana aljihun Alhaji, Alhaji yana Abuja.

Zan yi sabon get a gonata da ke fili, babu gini ko bishiya kusa. Mai zamewa zan yi ko mai ganye biyu?

Mai zamewa a kan layi, in dai akwai filin da zai shige a gefen katanga. Iska tana bugunsa ne daga gefe, ginshiƙi da ƙananan tayoyin sama su ɗauki nauyin, injin kuma aikinsa ja da turawa a tsaye. Ba wai iska ba ta damunsa sam ba ne, domin tana manna shi da tayoyin saman ya yi nauyi, amma bai kai rabin wahalar mai ganye ba.

Shi ma yana da nasa ciwon, wato ƙasa. Yashin da iska ke tarawa a gindin katanga da taɓon da tayar tarakta ke kawowa duk a kan layin suke ƙarewa. A ɗaga layin ya ɗan fi ƙasar wurin tudu, a yi wa ruwa hanya ya wuce. Sannan abubuwa biyu da ba a sasantawa a kansu: ƙarfen tsayarwa mai ƙwari a ƙarshen layi ta kowane ɓangare, da maƙalin sama da zai hana get tashi daga layi. Get mai kilo 400 in ya zarce ya faɗi, duk wanda ya samu a ƙasa sai dai a yi haƙuri.

Wajen girman inji kuma kada a tsaya a kan iyaka. Centurion D5, wanda ya cika kasuwanninmu, an yi shi ne don get da bai wuce kilo 500 ba, D10 kuma har kilo 1,000. Wannan lissafin get ne mai tafiya sumul a wuri mai kwanciyar iska. In naka ya kusa iyakar kuma a fili yake, hau na gaba.

Na riga na yi get rufaffe da faranti, kuma ba na son a riƙa leƙa min gida. Yanke shi zan yi?

Na san wannan damuwar, ba kuma zan ce wa mai iyali ya bar gidansa a buɗe ba. Akwai tsaka-tsaki. Mai walda zai iya cire farantin daga sama, inda ya fi tsayin mutum, ya sa sanduna. Ko a sauya farantin da yankakkun ƙarafa a karkace kamar luba ta taga: iska ta wuce, ido bai wuce ba. Ko faranti mai ƙananan huji. Duk abin da ka buɗe ka rage wa injin kaya ne.

A gona kuwa, inda ba sirrin iyali ake karewa ba, ban ga dalilin faranti ba. Sanduna da raga a ƙasa don kaji da awaki sun isa. Yawancin masu gona suna yin rufaffen get ne don haka suka gani a unguwarsu a birni, inda gine-gine suka tare iska ta kowane gefe.

Ga mai ganye, a ƙara masa makullin lantarki ko na maganaɗisu a inda ganyayen ke haɗuwa, da ƙarfen tokare a ƙasa a tsakiya. In get yana rufe, makullin ne zai riƙe iska, giyar injin ta huta.

Shuka bishiyoyi zai taimaka?

Sosai, in an yi haƙuri. Jerin darbejiya ko turare yana rage ƙarfin iska a bayansa har nisan kusan ninki 10 na tsayinsa. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take zuwa, hadarin damina kuma yawanci daga gabas yake tasowa, don haka ta nan za a shuka. A nisanta su daga layin get da gindin ginshiƙi, domin saiwa tana ɗaga kankare, ganye kuma yana cika layi.

Da rana yana aiki, da asuba sai ya yi ta ƙara ba ya motsi. Ko kuma yana tafiya kamar mai ciwon ƙafa.

Batir. Cikin kiran da nake samu wannan ya fi kowanne yawa. Irin su D5 da batir suke tafiya ko da akwai wutar NEPA. Ita wutar NEPA caji kawai take yi. Ƙaramin batir ne mai bolt 12, wanda aka rubuta 7Ah a jikinsa, irin na UPS ɗin kwamfuta.

Sa mitar auna wuta a kansa. Cikakken batir da ya huta yana nuna 12.6 zuwa 12.8, in yana kan caji kuma wajen 13.6 zuwa 13.8. Amma kada wannan ya ruɗe ka, mataccen batir ma yana iya nuna 12 da ɗoriya in ba a ɗora masa kaya ba. Bar mitar a jiki ka danna rimot. In lambar ta faɗo ƙasa da 11 da zarar get ya motsa, ya gama yayi. Iska tana fallasa raunin batir, don a ranar ne injin yake neman wuta mai yawa. Shi ya sa mutane suke ɗora wa iska laifin da na batir ne.

Zafi ne yake cinye shi. An ƙera irin wannan batir ne don yanayi mai digiri 25, kuma kowane ƙarin digiri 10 yana kusan raba rayuwarsa biyu. A Sakkwato ko Maiduguri watan Afrilu ana wuce 40 a inuwa, balle cikin murfin roba a tsakiyar rana. Yi wa injin 'yar rumfa da iska ke ratsawa. Kuma in za ka saya, ɗaga shi ka ji nauyinsa: wanda ya yi sakayau dalmarsa kaɗan ce, ko me aka rubuta a jikinsa.

Nawa da sola yake aiki. Me ya sa yake gazawa da hunturu alhali babu hadari?

Hau ka shafa farantin solar da yatsa, za ka ga amsar. Daga Nuwamba zuwa Maris ƙurar da ke tasowa daga yankin Bodele a Chadi tana rage hasken tun a sama, sannan ta kwanta a kan gilashin. A wanke shi da ruwa da tsumma mai laushi da sassafe kafin ya yi zafi, sau ɗaya a mako, in hazo ya yi yawa ma fiye da haka. Ya kalli kudu, a karkace kamar digiri 10 zuwa 15. Wanda aka kwantar shi fes ƙura ta fi zama a kansa. A kuma ɗaure shi da noti a kan ƙarfe. Na taɓa tsinto farantin wani a cikin gonar maƙwabcinsa, da wayar ɗaurin kaya aka maƙala shi.

In zuba girisi a layin da haƙoran don ya yi santsi?

A'a. Girisi da ƙurar hunturu in suka haɗu sun zama abin goge ƙarfe, suna cin taya da haƙori a hankali. Layi tsintsiya yake so. Haƙoran roba ba sa buƙatar komai. Girisi na cikin hinji ne da boris, inda yake a rufe, kuma a share wanda ya fito waje.

Tunda muna wajen haƙora, duba tazarar da ke tsakanin giyar injin da doguwar sandar haƙoran da ke jikin get. Milimita 2 zuwa 3 ake bari. In taya ta cinye, get yakan sauko ya zauna a kan giyar, sai injin ya koma ɗaukar nauyin da taya ya kamata ta ɗauka. Alamarsa ƙara mai kama da niƙa.

Yana buɗewa lafiya amma ya ƙi rufewa.

Duba idanun nan biyu da ke fuskantar juna a jikin ginshiƙai. Ɗaya yana aika haske da ido ba ya gani, ɗayan yana karɓa. In wani abu ya gitta, get ba zai rufe ba. Ƙura a kan gilashinsu, yanar gizo-gizo, ledar da iska ta kwaso ta maƙale, ko dogon ciyawa da ke kaɗawa a gabansu da damina. In da safe kawai ko da yamma yake yi, rana ce take haska mai karɓar kai tsaye, sai a yi masa 'yar hula da guntun fayif. In iska na girgiza ginshiƙin da suke kai, saitinsu yana kaucewa, a ɗaure su a wuri mai ƙwari. Kada a yarda mai gyara ya haɗe wayoyinsu ya ce ya huta da su.

Rimot sai na zo dab da get yake kamawa.

Fara da batirin rimot, ko ƙaramin mai kama da kwabo ko dogon mai bolt 12. In duk rimot ɗin gidan ne suka rage nisa lokaci ɗaya, duba eriya. Yawancinsu a kan zangon sigina na megahaz 433 suke, eriyarsu kuma guntuwar waya ce mai tsawon kusan santimita 17. A miƙe take so, kada a naɗe ta ko a yanke. Kejin ƙarfen da ake yi wa inji saboda ɓarayi yana toshe sigina, sai a fito da eriyar waje.

Masu buɗewa da kiran waya kuma su tuna layin da ke ciki layi ne kamar kowanne: yana son rajista da NIN, kuma in aka daɗe ba a sa masa kati ba kamfani zai rufe shi.

An yi ruwa da tsawa jiya, yau ko fitila ba ta kamawa.

Duba fis tukuna, wani lokacin shi kaɗai ya ƙone, kuma a mayar da mai lamba irin tasa, kada a naɗa waya. In ka ji warin ƙuna ko ka ga baƙin tabo a fanel, ya tafi. Ba sai aradu ta faɗo a kan get ba. In ta sauka a kusa, doguwar wayar da aka ja daga gida zuwa bakin get ita ke kwaso wutar. Get na gona ya fi na gari shiga wannan hatsarin don wayarsa ta fi tsawo, shi ne kuma ƙarfe mafi tsayi a fili. A kafa sandar ƙasa ta jan ƙarfe kusa da injin, a sa na'urar tare hauhawar wuta. Inda nisan ya yi yawa nakan ba da shawarar a manta da jan waya a sa masa solarsa shi kaɗai. Hakan ya kuma raba shi da haukan janareta.

Na buɗe murfi na tarar da ƙadangare a ƙone a kan fanel.

Kai da mutane da yawa. Cikin murfin akwai ɗumi da duhu, don haka tsaka, ƙadangare, tururuwa da zanzaro duk suna son wurin. Ɓera kuma yana cin waya. Ta ramin da wayoyi suka shigo suke bi, a toshe shi da silikon. A buɗe a share da busasshen buroshi duk wata, bayan an cire wuta da batir. Kada a fesa maganin sauro a kan fanel ɗin kansa.

Ganyen get ya sunkuya, makulli ba ya haɗuwa. Mai walda ya ce zai ƙara ƙarfe.

Kafin ya ƙara komai a sa ma'aunin birkila a jikin ginshiƙi. Sau da yawa ganyen lafiya yake, ginshiƙin ne ya karkata. Iska tana jijjiga shi dare da rana, ƙasar laka tana kumbura da damina ta tsage da rani, jigawa kuma ba ta riƙo. Wata gonar kaji da na je a hanyar Zariya an sauya mata hannun inji sau 2 cikin shekara ɗaya. Da muka tona gindin ginshiƙin, kankaren bai kai tsawon hannuna ba, ina tura shi da ƙafa yana motsi. Muka sake haƙa rami, muka zuba kankare da rodi, hannun da aka ce ya lalace muka mayar, ya ci gaba da aiki.

Ga get mai nauyi a fili ba na yarda da ramin da bai kai mita 1 ba. A bar kankaren ya yi aƙalla mako ana ba shi ruwa kafin a rataya ganye; cikakken ƙarfinsa sai ya kwana 28.

In za a yi walda a jikin get, a cire wutar injin, a cire batir, a zare wayoyin fanel, mai walda kuma ya maƙala wayar ƙasarsa dab da inda yake aiki. Fanel da yawa a hannun mai walda suka mutu, kuma ba zai taɓa yarda shi ne ba.

In na ga hadari ya haɗo da iska, me zan gaya wa mai gadi ya yi?

Ya rufe get tun kafin iskar ta iso, ya sa sakata, ya kashe rufewa da kai in an saita ta, kada kuma kowa ya danna rimot sai ta lafa. Wanda ya manta da sakata ya danna rimot shi ma yana iya karya hannun, don haka a rataya wani abu a jikin rimot ɗin gadi don tuni. In dole mota ta shiga ana tsakiyar iska, a cire giya mutum biyu su riƙe ganyen, kada a bar shi a sake ko na ɗan lokaci. Ganyen da iska ta fizga yana karya hannun mutum.

Yaushe gyara ya daina riba, sai sabon inji?

Batir, fis, taya, boris, ido, rimot, kafasito a injunan da ke aiki da wutar NEPA kai tsaye, duk kayan sauyawa ne, ba sa sa a yar da inji. Kafasito dai a bar wa mai gyara, yana riƙe wuta ko bayan an kashe. Fanel ma ana samunsa daban in injin na sanannen kamfani ne irin Centurion, Nice, BFT, FAAC ko CAME. In giya ta kakkarye kuma fanel ya ƙone tare, ko injin marar suna ne da ba a samun kayansa a Kano ko Kaduna, sabo ya fi. Amma kafin a ɗaura sabon, a cire giya a tura get ɗin da hannu ɗaya a ranar da ake iska. In bai tafi ba, a fara kiran birkila da mai walda.